Sabis a cike, saƙo ya ƙi tafiya: abin da lissafin matsakaici ke ɓoyewa game da Wi-Fi

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin karatu na wata makaranta a Katsina, ko zauren taro na otal, ko shagon da ake tura wa mutane karatu da waƙoƙi a waya, ya san wannan takaicin: alamar Wi-Fi ta cika taf a goshin waya, amma saƙon murya na sakan goma sai zagaye yake yi ya ƙi tafiya. Bayan minti biyu komai ya koma daidai kamar ba a yi ba. Mutane kan ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa, ko su ce rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi ɗin, jabu ce. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa matsalar tana cikin 'yar tazarar nan da ke tsakanin waya da rauta, kuma ta samo asali ne daga lissafin da aka yi tun kafin a kafa na'urar.

Lissafin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ɗaki na ɗaukar mutum 40, a ƙiyasta kowa zai ci megabit ɗaya a sakan, jimilla 40 ke nan. A ɗaga kwalin rauta a ga an rubuta megabit 300, sai hankali ya kwanta. Gyara na farko mai sauƙi ne: lambar da ke jikin kwali saurin na'urar ne a daidai lokacin da take aikawa, ba abin da ke isa hannun mai waya ba, domin akwai jira da amsa tsakanin kowace aika da mai bi mata. A tsohon tsarin Wi-Fi na 802.11g na 2003, mai lamba 54, wajen rabi ne ke isa. Gyara na biyu shi ne ya fi damuna, domin ko ƙwararru kan tsallake shi. Babu wayar da ke cin megabit ɗaya a kowane sakan. Waya shiru take yi na tsawon lokaci, sannan ta buɗe baki gaba ɗaya, sannan ta sake yin shiru. Megabit ɗayan nan an same shi ne bayan an haɗa shirun da ihun an raba, kuma da wuya ka sami sakan guda da wayar ta tsaya a kansa.

Haka aka gina intanet ɗin. Bayanai a fakiti-fakiti suke tafiya, mafi girmansu a yawancin layuka bait 1,500. In ka buɗe shafi, wayarka na neman rubutu da hotuna da tallace-tallace a lokaci guda. Bidiyon YouTube ko Facebook ba ya kwarara yadda ido ke ganinsa: wayar na jawo yanki na 'yan sakanni da iya ƙarfinta, ta ajiye, ta huta, ta sake jawowa. Hatta dabarar tattalin batir na ƙara abin, domin waya na yin barci, rauta na tara mata saƙonninta, in ta farka ta karɓe su a dunƙule.

A ce rauta na sallamar fakiti ɗaya a milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Fakiti 1,000 ke nan a sakan. A ce kuma 500 ke zuwa mata. Rabin ƙarfinta kawai ake amfani da shi. Idan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowane milisakan biyu, ba wanda zai jira ko kaɗan. Idan a warwatse suke zuwa, kowanne bai san da ɗan'uwansa ba, matsakaicin jira ba zai wuce milisakan ɗaya ba. To amma a ce 100 ne ke dirowa tare, sau biyar a sakan. Jimilla dai 500 ce, rabin ƙarfi dai ne, sai dai na ƙarshe a layi zai jira milisakan 99, matsakaicin jira kuma ya kai kusan 50. In ma'ajiyar rautar fakiti 64 kawai take riƙewa, sama da kashi ɗaya bisa uku na kowace tawaga za a zubar, a sake aiko su daga baya su ƙara wa hanya nauyi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150 in ana son hira ta tafi daidai. Ga shi kashi biyu bisa uku na wannan kaso ya ƙare a cikin ɗaki, tun maganar ba ta bar unguwa ba. Mai kula da na'urar kuwa in ya duba allonsa kashi 50 cikin 100 zai gani, ya ce lafiya lau.

Mutanen Daura ba sai an yi musu dogon bayani a nan ba. Labarin da aka gada game da rijiyar Kusugu ya ce macijin da ke ciki ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ruwan rijiya bai ragu ba, buƙatar gari ma ba ta ƙaru ba. Buƙatar kwana bakwai ce ta taru a wuni ɗaya, a bakin rijiya guda. Wanda ya ƙirga gugan da aka ja ya raba gida bakwai zai ce rijiyar hutawa take yi. Matar da ta iso da tulunta da hantsin Juma'a ta san ba haka ba ne. Ilimin da nake magana a kansa, wato lissafin layin jira, ƙoƙari ne na yin lissafi daga inda wannan mata take tsaye.

Fannin ya girmi kwamfuta. A 1909 Agner Krarup Erlang, masanin lissafi ɗan Danmak da ke aiki a kamfanin tarho na Kofanhegan, ya nuna cewa kira na shigowa bisa tsarin da ake dangantawa da Poisson, Bafaranshen ƙarni na 19: masu kira suna da yawa, kowa na ɗaga waya don buƙatar kansa, kiran da ya shigo yanzu kuma ba ya gaya maka komai game da na gaba. A 1917 ya fitar da ƙa'idar sanin layuka nawa ake buƙata, wadda kamfanonin waya suka daɗe suna aiki da ita. Ko a wannan tsari mai ladabi akwai gargaɗi. In hanya ta cika rabi, jira na kai tsawon sallamar mutum ɗaya. A kashi 80 ya ninka huɗu, a 90 ya ninka tara, a 95 sau 19. A 1961 John Kingman na Ingila ya ƙara abin da ya fi shafar mu: wannan jira ana sake ninka shi da gwargwadon rashin daidaiton zuwa da na sallama. Hanya biyu masu nauyi ɗaya na iya bambanta ninkin ba ninki a jinkiri saboda salon zuwa kaɗai.

Wannan duka lissafin layi ɗaya ne a ƙofa ɗaya. Iska ta fi haka wuya, domin babu mai tsara layi. Na'urori duka a tasha ɗaya suke, in biyu suka yi magana tare kuma duka biyun sun lalace. Jami'ar Hawayi ta fuskanci wannan a farkon shekarun 1970 da tsarin ALOHA na Norman Abramson, inda kowa ke aikawa sa'ad da ya ga dama, in an yi karo a sake. Lissafi ya nuna irin wannan hanya ba ta isar da fiye da kashi 18 cikin 100 na ƙarfinta. A 1975 Leonard Kleinrock da Fouad Tobagi suka yi nazarin gyaran da Wi-Fi ya gada: a saurara kafin a yi magana.

Ƙa'idar 802.11, wadda Wi-Fi ke bi, ta fito a 1997, kuma ginshiƙinta na nan har yau. Wayar da ke da saƙo sai ta kasa kunne. In ta ji shiru na ɗan lokaci, ta aika. In ta ji wani na magana, sai ta jefa ƙuri'a: a Wi-Fi na zamani ta zaɓi lamba daga 0 zuwa 15, ta riƙa ƙirgawa ƙasa muddin iska na shiru, kowace ƙirga mikrosakan 9 (mikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), ta dakata in wani ya fara, ta ci gaba in ya gama. Tana kai sifili sai ta aika. Ba ta iya saurare yayin da take magana, don haka ba ta sanin an yi karo sai ta ji ba a amsa mata ba. Nan sai ta ninka filin ƙuri'ar, 0 zuwa 31, sannan 63, har 1,023. In ta gwada kamar sau bakwai abin ya faskara, ta jefar da fakitin.

Idan saƙonni jefi-jefi suke zuwa, yawancin wayoyi na tarar da iska a buɗe, karo ba ya yawa. Waya biyu da suka jira tare, yiwuwar su zaɓi lamba guda ɗaya ce cikin 16. In biyar ne, rabi da rabi ne a sami biyu da suka yi tarayya a lamba. In suka kai goma, yiwuwar ta haura kashi 97 cikin 100. Kowane karo na cin lokacin iska ba a isar da komai ba, waɗanda suka yi shi su koma layi su tarar da sababbin zuwa. Ashe lokacin sallama ba tsayayye ba ne kamar a misalin farko, tsawaita yake yi daidai lokacin da layi ya yi tsawo. Shi ya sa lalacewar hanyar iska ke zuwa farat ɗaya.

Samfurin lissafi da ya fi shahara a nan na Giuseppe Bianchi ne, ɗan Italiya, wanda aka buga a 2000. Ya siffanta halin kowace na'ura da abu biyu, karo nawa ta yi a jere da kuma inda ƙirgarta ta kai, ya ɗauka yiwuwar karo ɗaya ce a kowane gwaji, sai ga gajeren lissafi da ya dace ƙwarai da gwajin kwaikwayo a kwamfuta. Aiki ne mai kyau, kuma ina ganin ya kamata duk ɗalibin sadarwa ya bi shi da biro da takarda ko da sau ɗaya ne. Sai dai a kan zato guda aka gina shi: kowace na'ura a kowane lokaci tana da fakitin da ke jira. Wannan na gaya maka abin da hanya za ta isar in kowa ya matsa mata ba hutu. Ba ya cewa komai game da ɗakin da ya yi tsit na sakan biyar sannan waya 30 suka farka tare. Waɗanda suka biyo baya sun sassauta zaton, amma da yawansu Poisson suka sa a gurbinsa, alhali an riga an san bai dace da bayanan kwamfuta ba.

Tun 1993 aka sani. Will Leland da Murad Taqqu da Walter Willinger da Daniel Wilson sun ɗauki bayanan da aka naɗa daga hanyar kwamfutocin cibiyar bincike ta Bellcore a Amurka tsakanin 1989 da 1992, suka zana yawan fakiti a ma'aunin lokaci daban-daban, daga kashi ɗaya cikin ɗari na sakan har sakan 100. Da Poisson ne, da zanen ya riƙa lafawa yayin da ma'auni ke girma har ya kusa zama miƙaƙƙen layi. Bai lafa ba. Tudu da kwarin da ke cikin ƙaramin ma'auni, irinsu ne a babba: tururuwa, wato zuwan fakiti a dunƙule, a cikin tururuwa. Babban dalilin da aka gano daga baya shi ne girman fayiloli. Mafi yawansu ƙanana ne, 'yan kaɗan kuma manya ne fiye da kima, kuma 'yan kaɗan ɗin nan ne ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Saƙon rubutu dubu a WhatsApp ba su kai bidiyon hawan Sallah ɗaya ba.

Ma'aunin wannan hali daga nazarin kogi aka aro shi. Harold Hurst, ɗan Ingila da ya shafe shekaru da dama yana bin ambaliyar Nilu a Masar, ya bayyana a 1951 cewa shekarun yawan ruwa kan zo a jere, na ƙamfa ma a jere, don haka madatsar da aka auna girmanta bisa zaton kowace shekara da nata hali za ta yi ƙanƙanta. Lambar da ke ɗauke da sunansa 0.5 ce in babu alaƙa tsakanin jiya da yau, tana kuma kusantar 1 gwargwadon daɗewar alaƙar. A bayanan Bellcore wajen 0.8 zuwa sama aka same ta. Ga rauta, wannan na nufin dogon layi ba baƙon abu ba ne, kuma ninka ma'ajiya ba ya rage asarar fakiti yadda tsohon lissafi ya nuna. Masu ƙera na'urori da suka bi hanyar ƙara ma'ajiya sun haifar da wata cutar, wadda Jim Gettys ya fallasa a 2010: fakiti ba sa ɓata amma suna daɗewa a layi, har jinkiri ya kai sakan guda ko fiye duk lokacin da wani a gidan ke ɗora hoto.

Masana sun yi jayayya a kan ko dole ne samfuri ya ɗauki wannan doguwar alaƙa gaba ɗayanta. Matthias Grossglauser da Jean Bolot sun kawo hujja a 1996 cewa ma'ajiya mai iyaka na mantuwa: duk sa'ad da ta cika ko ta wofinta, abin da ya wuce ya daina tasiri. Ina tare da su a kan hanyoyin gajeren zango. Samfuri mai hali biyu ko uku, na shiru da na ɓarkewa, kowanne da yawan zuwansa da tsawon zamansa, ya isa ya kama mafi yawan abin da mai waya ke ji, in dai daga awo na gaske aka ciro lambobinsa. Akwai kuma masu cewa a manyan layukan da ke ɗauke da dubban dubatan mutane zuwan fakiti na sake kusantar Poisson saboda yawa. Ko da haka ne, wannan sauƙi bai iso ɗakinmu ba. Mutum 20 ko 40 ba su kai yawan da shirun wani zai rufe ihun wani ba.

Akwai bambanci guda da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar. Tururuwa iri biyu ce. Akwai ta na'ura ɗaya da ke da fakiti 50 a lokaci guda. Wannan Wi-Fi na zamani ya iya da ita, har ma tana rage masa wahala: tun 802.11n na 2009 na'ura na iya ɗaure fakiti har 64 ta aika a tashi ɗaya, da ƙuri'a ɗaya da amsa ɗaya. Illarta a kan maƙwabta take, waɗanda ɗan fakitin muryarsu sai ya jira ta gama. Sai kuma ta na'urori 50, kowace da fakiti ɗaya, duka a lokaci guda. A takarda nauyin ɗaya ne, amma wannan ce ke cika iska da karo. Yawancin samfuran da ake koyarwa sun ɗauka kowace na'ura ba ruwanta da 'yar'uwarta, kuma a wurinmu wannan zato ne ya fi kowanne rauni.

Rayuwarmu tare take motsawa. Ana idar da sallar Juma'a hannaye su shiga aljihu a tare. Malami na fita daga aji waya ɗari su haskaka. Da azumi, jim kaɗan bayan shan ruwa. Ranar da aka buɗe shafin rajista ko sakamako ya fito. Tsakar dare in lokacin data mai rahusa ya shiga. Babbar cikinsu kuwa ita ce wuta. In aka kawo wuta ko aka tayar da janareta, rauta ta farfaɗo, duk wayoyin da suka san ta su nemi shiga cikin 'yan sakanni, kowace da saƙonnin da suka taru, da hotunan da ke jiran ɗorawa, da sabunta manhajar da aka saita sai an sami Wi-Fi. Injiniyan da ya tsara samfurinsa a ƙasar da ba a ɗauke wuta ba shi da dalilin saka wannan a lissafi. Mu muna iya ganin sa fiye da sau ɗaya a wuni.

Gine-ginenmu ma na da hannu. Katanga mai kauri, ta ƙasa ko ta bulo, na raunana sigina, wayar da siginarta ta yi rauni kuma kan sauka zuwa ƙaramin sauri. Martin Heusse da abokan aikinsa a Faransa sun nuna a 2003 cewa na'ura ɗaya mai jan ƙafa na jawo kowa ƙasa, domin ƙa'idar damar magana take rabawa daidai, ba tsawon maganar ba. Fakiti mai bait 1,500 na cin milisakan 12 a saurin megabit 1, alhali a megabit 11 ɗaya da ɗoriya yake ci. Ɗalibi ɗaya a bayan gini yana kallon bidiyo na iya cinye lokacin waɗanda ke zaune ƙarƙashin rautar. Katangar kan kuma hana waya biyu jin juna alhali rauta na jin su duka; kowace ta saurara ta ji shiru ta aika, su yi karo a wurin rauta. A zangon gigahaz 2.4 kuma tashoshi uku ne kawai ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, su ne kuma rautar maƙwabci da MiFi na aljihu da wayoyin da aka mayar rauta da masu tura fayil ta Xender ke rabawa.

Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara a 1994, wata hanyar ya bi. Na'ura ɗaya ce shugaba, tana jan har bakwai, babu mai magana sai ta kira shi. Babu karo a cikin gida, amma na'urar da saƙo ya taru mata sai ta jira zagayowar kira, shugabar kuma na ɓata lokaci wajen kiran waɗanda ba su da abin faɗa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tsarin 802.15.4 na 2003, wanda Zigbee, tsarin haɗa ƙananan na'urori ba igiya, da ƙananan na'urorin awo masu batir ke hawa. Saurinsa kilobit 250 ne, ƙuri'arsa ta farko daga 0 zuwa 7 kawai, in kuma na'ura ta saurara sau biyar ta tarar da hanya a cike sai ta haƙura da saƙon. Na'ura biyar in suka farka tare, kusan kashi 80 cikin 100 ne a sami biyu da lamba ɗaya. A ɗauki na'urorin lura da matsin ruwa a gonakin rani na Jibiya ko Zobe, ko na auna zafi a ɗakin ajiyar allurar rigakafi, ko na ƙararrawar gobara a kasuwa. Kwana da kwanaki kusan ba sa cewa komai. Ranar da abin da aka sa su tsaro ya faru, tare suke ganin sa, tare kuma suke kuka. Samfurin Poisson zai ce wannan hanya ba ta taɓa cika ba, alhali tana iya toshewa a daidai sakan ɗin da aka saye ta dominsa, lokacin da dukiya ko rai ke rataye a kan saƙon.

Magunguna akwai, kowanne da iyakarsa. Gyaran 802.11e na 2005 ya raba bayanai aji huɗu, ya ba murya ƙaramin filin ƙuri'a don ta riga kowa, amma ƙaramin fili na nufin saurin karo in masu murya suka yi yawa. Rautoci da dama yanzu na raba lokacin iska daidai maimakon raba dama, abin da ke maganin mai jan ƙafa. Wi-Fi 6 ya ba rauta ikon raba tasha mai faɗin megahaz 20 har gida tara, ta kira na'urori su aika tare ba karo, wanda kai tsaye tururuwa iri na biyu yake nufa. Sai dai tsohuwar waya ko mai sauƙin kuɗi da ba ta san wannan tsari ba tana nan kan ƙuri'arta.

Roƙona ga shugabannin makarantu da asibitoci da ofisoshinmu shi ne, kafin a sa hannu a takardar kwangila, kada tambaya ta tsaya a megabit nawa. A tambayi ɗan kwangila: in mutum 60 suka nemi shiga tare bayan an kawo wuta, sakan nawa kafin na ƙarshensu ya shiga? A cikin fakiti ɗari, wanda ya fi daɗewa jinkirinsa nawa ne in ɗaki ya cika? Gwajin karɓar aiki kuma kada a yi shi ranar hutu da waya ɗaya a ƙarƙashin rauta. A yi shi ɗaki na cike, a kashe wuta a kunna. Rauta biyu ko uku masu matsakaicin kuɗi, a tashoshi daban-daban, an rage musu ƙarfin sigina an haɗa su da igiya, kan fi guda ɗaya mai tsada, domin suna raba masu jefa ƙuri'a gida-gida. Ɗan batirin da zai hana rauta mutuwa in an ɗauke wuta na kawar da tururuwa mafi muni. Duk abin da ba ya motsi, kwamfutar tebur ko kyamarar tsaro, a ba shi igiya a bar wa wayoyi iska. Masu haɗa na'urorin awo kuma su sa kowace ta ɗan jinkirta na wani lokaci da ƙuri'a ta zaɓa kafin ta yi rahoto bayan farkawa.

Sauran aikin na masu karatu ne, kuma a nan gida za a yi shi. Lambobin da samfuri ke buƙata, tsawon shiru da tsawon ɓarkewa da yawan na'urorin da ke farkawa tare, ba a aro su daga Bellcore. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko lissafi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Al-Qalam, ko kwalejin Hassan Usman Katsina, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura, na iya yin sa da kwamfutar cinya ɗaya. Wireshark, manhajar naɗar fakiti, kyauta ne, ns-3, manhajar kwaikwayon hanyar sadarwa, ma kyauta ne. Da izinin hukumar makaranta, a naɗi lokacin zuwan kowane fakiti da girmansa kawai, ba tare da an taɓa abin da ke ciki ko sunan mai shi ba, na tsawon zangon karatu guda don a haɗa da makon rajista da na jarrabawa. A rubuta a gefe lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka dawo da ita, da lokutan salla da na tashi daga aji. Sannan a ƙirga fakiti a ma'aunin milisakan 10, da 100, da sakan ɗaya, da goma, a raba bariyans na ƙidayar, wato ma'aunin warwatsuwarta, da matsakaicinta a kowane ma'auni. In Poisson ne amsar za ta tsaya kusa da ɗaya. In ta riƙa hawa da girman ma'auni, to an ga tururuwar ido da ido. Daga nan a zuba bayanan a ns-3 sau biyu, sau ɗaya yadda suka zo, sau ɗaya bayan an warwatsa lokutansu bisa Poisson da matsakaici iri ɗaya, a kwatanta jinkirin fakiti ɗaya mafi daɗewa a cikin kowane ɗari. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita za a rubuta a kai wa kwamitin sayen kaya kafin a sake ba da kwangilar Wi-Fi a makarantar.